"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima": wa zai auna mana talauci?

Ɗan Katako: Jama'a, ku taya ni duba karin maganar nan. Ni a wajen awon hatsi na san ta, inda mai saye ke gane an tauye masa tun kafin a juye a buhu. Yanzu kuwa ta zama sandar masu gardama a kan talauci. Da ka kawo alƙaluma sai a ce maka ajiye takardarka, ido ya san kima. Anya haka Bahaushe ya nufa?

Hajiya Mai Dankali: Haka ya nufa mana, ɗana. Kullum ina kasuwar kayan gwari ta Farin Gada a Jos. Matar da ke sayen kwandon tumatir ta koma sayen kashi, mai sayen kashi ta koma tsintar na gefe. Sai na jira wani ya taso daga Abuja da biro ya gaya mini mutane sun shiga wahala?

Malam Mai Alli: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, kin riƙe wutsiyar maganar kin saki kanta. Da "ido ba mudu ba ne" aka fara. Ido kan gane an tauye, amma ba ya faɗin nawa aka tauye. Kuma idonki Farin Gada ya sani, bai san Wase da ke nan Filato ba, balle Sakkwato. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022, Sakkwato ce a gaba da wajen kashi 91 cikin 100 na talakawa, Ondo a ƙarshe da kashi 27. Wadda ke bin Sakkwato ita ce Bayelsa, mai man fetur. Wane ido ne daga Jos zai hango haka?

Autan Rikkos: To Malam, wane mudun za mu ɗauka? Hukumar nan ce a 2020 ta ce talakawa kashi 40 ne, wajen mutum miliyan 83. A 2022 ta dawo ta ce kashi 63, miliyan 133. Wato cikin ɗan wannan lokaci mutum miliyan 50 suka faɗa?

Malam Mai Alli: A'a, Auta, nan ne mutane da yawa ke zamewa, har da masu rubuta labarai. Abu biyu aka auna. Na farko binciken 2018 zuwa 2019 ne a kan abin da gida ke kashewa: duk wanda bai kai naira 137,430 a shekara ba, talaka ne. Ba a ma sa Borno a lissafin ba saboda rashin tsaro. Na biyu bai tsaya kan kuɗi ba. Ya duba nisan asibiti, yaran da ba sa zuwa makaranta, ruwan sha, makewayi, girki da itace ko gawayi, rashin aiki da matsalar tsaro. Mutum na iya samun na cefane amma matarsa ta haihu a hanya don babu asibiti kusa. Na farko zai tsallake shi, na biyu zai kama shi. Wanda ke son sanin ko talauci na hawa ko sauka, sai ya jera bincike iri ɗaya da ɗan'uwansa.

Anti Ta Bukuru: Idan an bar mudun yadda yake ke nan, Malam. A ƙarshen 2020 rashin aikin yi kashi 33.3 ne. A farkon 2023 ya zama 4.1, don an sauya tsari: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako, ma'aikaci ne. Hauhawar farashi ma daga 34.8 a Disamban 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025 bayan sabunta ma'auni, ba don gari ya yi sauƙi ba. Ƙidayar jama'a kuwa rabonmu da ita tun 2006, duk miliyoyin nan a kan hasashe suke tsaye. A irin wannan wuri nake ba Hajiya gaskiya. In takarda ta ce kashi 4, kai kuma kana ganin samari zube a Terminus, tsakiyar Jos, idon ne zai sa ka tambayi yadda aka yi awon. Iyakar aikinsa ke nan a wajena.

Hajiya Mai Dankali: Yauwa 'yar nan. Kuma da an tambayi mutanen unguwa, da tallafin naira 25,000 ɗin nan na gwamnatin tarayya bai ɓata hanya ba. Mu muka san gidan da ba a ɗora tukunya.

Malam Mai Alli: Ai an tambaya, Hajiya. Tsarin rijistar masu ƙaramin ƙarfi shi ne a tara mutanen gari su nuna mabuƙatansu da kansu. Duk da haka a Yulin 2023 gwamnoni, a zaman Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, suka ce ba su amince da ita ba. Ido ma yana da ƙani da suruki.

Hajiya Mai Dankali: Shi mai riƙe da mudun maraya ne, Malam?