Wai dajin mangurof na iya tare tsunami?

Malamin jogarafi: Jama'a, tun bayan tsunamin 26 ga Disamba 2004, gagarumar igiyar ruwan teku da girgizar ƙasa ta tayar, wanda ya ci rayuka kusan 230,000, ake ta yaɗa cewa da ba a sare mangurof ba, wato bishiyoyin nan masu tsiro cikin taɓon bakin teku, da mutane ba su mutu haka ba. Ni dai ban gamsu ba.

Hajiya Babba: Haba Malam! A Pichavaram da ke jihar Tamil Nadu ta Indiya, ƙauyukan da ke bayan dajin sun sha da sauƙi, na fili kuwa ruwa ya share su. Saiwoyin nan da suka sarƙe kamar kwando suna karya ƙarfin ruwa, suna kuma tare kwale-kwale da katakon da ya kwaso.

Malamin jogarafi: Hajiya, ƙauyen da ke bayan daji ai ya fi nisa da teku. Wa ya cece shi, dajin ko nisan? A Lhoknga ta lardin Aceh na Indunusiya ruwa ya kai tsayin mita 30. Wace bishiya ce za ta tsaya masa?

Ɗan Auta: Ku gafarce ni manya, dajin ma ai bai tsira ba. Girgizar ƙasar ta ɗaga arewacin tsibiran Andaman na Indiya, ruwan teku ya daina kaiwa ga saiwoyi, bishiyoyi suka bushe a tsaye. A tsibiran Nikoba da ke kudu da su kuma ƙasa ce ta nutse, ruwa ya shanye su.

Hajiya Babba: To, ai an sake dasawa.

Ɗan Auta: An dasa kam, an kuma ɗauki hoto. Binciken da aka fitar a 2017 kan wurare 23 da aka yi dashen a Siri Lanka ya nuna 3 kacal ne fiye da rabin dashensu ya rayu. An bi ana caka tsiro a inda ruwa ya yi zurfi, inda mangurof bai taɓa fitowa ba. Da tsofaffin kududdufan kiwon jatan lande, waɗanda aka sare mangurof aka haƙa, aka fasa wa shinge ruwa ya riƙa shiga yana fita, iri zai zo da kansa.

Malamin jogarafi: Kun ji ko? Tsorona kada a ce wa masunci ya kwanta ya saki jiki don akwai bishiya a gabansa. Jiniyar gargaɗi da hanyar gudu zuwa tudu su ne gaba.

Hajiya Babba: A sa jiniyar, ban hana ba. Amma igiyar mita biyu ko uku fa, Malam? Ita ma ba ya rage mata ƙarfi?

Malamin jogarafi: Wannan kam yana ragewa, in dajin na da faɗi.