"Hard" ko "difficult", wanne zan rubuta a WAEC?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana zan zana WAEC. A gwajin rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta na sa "the exam was hard", sai malaminmu ya ja layi ya rubuta "difficult" a sama. Na duba ƙamus, duk biyun wuya suke nufi. To laifin me "hard" ta yi? Don Allah a haska mini.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata. Jimlarki ba ta karye ba, Bature ma haka yake faɗa a hira. Matsalar wurin da kika sa ta ne. "Hard" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, 'yar uwar "hart" ta Jamusanci, ita kuwa "difficult" asalinta Latin ne. Kalmomin Latin su suka fi yawa a rubutun ofis da na ilimi, kamar yadda mai wa'azi zai ce "mushkila" inda ni da ke za mu ce "matsala". In shugaban makaranta kike rubuta wa, ɗauki "difficult". In ƙawarki ce, "hard" ta wadatar.

Maman 'yan biyu: Malam ya faɗi gaskiya, amma ba ko'ina suke musanya ba fa. "Hard" tana nufin tauri ma. Dutse "hard" ne, ba a ce masa "difficult". Faskare da dakan gero "hard work" ne, jiki suke ci. Lissafin da ya ɗaure kai shi ya fi dacewa da "difficult". Haka a kan mutum: "a difficult man" mai wuyar sha'ani ne, "a hard man" kuwa mai taurin zuciya.

Tsohon ɗalibi: Ni dai gargaɗina a kan "hardly" yake. Na taɓa neman aiki a wani kamfani, ina so in nuna ni jajirtacce ne, sai na rubuta "I hardly work". Ashe cewa na yi da ƙyar nake taɓuka komai! "I work hard" ya kamata in sa. Har yau ba su kira ni ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Yaya, Allah Ya ba da wani aikin. Malam, to "tough" fa, ina ta faɗa?

Malamin Turanci: Ita ma ta hira ce, kusa da "hard". Kada ki kai ta wasiƙar shugaban makaranta.