Filawil ya dawo babu fil ɗaya, a ɗaura kulochin haka?

Baban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku ban shawara. Corolla ce manuwal, kulochi ya ƙone aka sauke giyabos, filawil ɗin (faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji, wanda kulochi ke kamawa) ya yi zane sai muka kai wajen masu lez (injin gyara fuskar ƙarfe) suka share fuskarsa, to da za su share sun zare 'yan fil ɗin nan guda uku da firesha filet (murfin da ke danne kulochi filet a jikin filawil) ke zama a kai, da aka dawo da shi biyu kawai muka gani. Yaron gareji yace ba komai ai ƙusoshi shida sun isa su riƙe. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Oga_Sani_Panteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka yarda a rufe haka. Ƙusa matsewa kawai take yi, ramukanta suna da ɗan sarari, fil ɗin ne ke zaunar da firesha a tsakiya cif. In ya ɗan goce ko kaɗan ne, abin da ke juyawa sau dubu biyu, dubu uku a minti ɗaya ai dole ka ji jijjiga a feda da sitiyari, motar ta riƙa fizga in za ka tashi. A samo fil a tsohon filawil irin nasa, kar a yanko ƙusar kafinta ko guntun rodi a cusa. A goge ramin tas, a sa shi a miƙe, a buga a hankali da ƙarfe mai laushi a tsakani don kar kansa ya baje. In akwai firiza a jefa fil ɗin ya yi sanyi, ya fi saurin shiga.

Ɗanjuma88:
Gaskiya ne Oga. Kuma tunda giyabos na ƙasa a leƙa waɗancan fil biyun da ke tsakanin inji da giyabos, su ma faɗuwa suke yi ko su maƙale a tsohon giyabos in an sa na Beljiyam, babu su shaf ɗin giya baya saitu da karanshaf (babban shaf ɗin inji), sai tsakiyar kulochi filet ta cinye, giya ta riƙa tauri, mutum yayi ta canjin kulochi yana zagin masu kaya alhali ba laifinsu bane.

Malam_Habu:
Masu Golf 3 ma ku kula, galibinsu a juye tsarin yake, firesha ne ke ɗaure da karanshaf sannan filawil ya hau kai, kuma alamar tayimin a jikin filawil take, in fil bai shiga raminsa ba alamar ƙarya za ta nuna maka.

Baban_Khadija:
Allah ya saka da alheri, na ce su dakata, gobe da safe zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman fil ɗin. Oga in tafi da guda ɗaya ne don gwadawa?

Oga_Sani_Panteka:
Eh tafi da shi a auna kauri da tsawo. Wajen ɗauri kuma a saita kulochi filet da tsohon shaf ɗin giya, ƙusoshin a bi su kaɗan kaɗan, wannan sannan na ɗaya ɓangaren da ke kallonsa, har su zauna.