Wai wayar nan tawa ce ko ta kamfani?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum, dan Allah masana ku taimaka min. Na sayi waya da kuɗina sai na tarar da wasu manhajoji kusan goma a ciki waɗanda ban ma san amfaninsu ba, na je zan goge babu wajen gogewa, sai dai a kashe su suna nan zaune suna cin wuri. Sannan wata tocila da na sauke wai tana neman izinin ganin lambobina da inda nake. Tocila fa! Me ya haɗa haske da lambar kakata?

DanKwamfuta:
Wa alaikumussalam. Malam ƙarfen ka saya, manhajar aro aka ba ka, dogon rubutun nan da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba shi ne sharaɗin aron. Tun 1983 da Richard Stallman, wani masanin kwamfuta, ya fara aikin GNU na haɗa manhajar da kowa ke da ƴancin gyarawa, yake ta ihu cewa a bar mutum ya ga cikin manhajarsa ya gyara ya raba, ana masa kallon mai tsaurin ra'ayi, har sai da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka aiki, ya fasa ƙwai a 2013 cewa hukumar leƙen asiri ta NSA ta Amurka tana kwasar bayanan kiran wayar miliyoyin mutane.

Yar_Gaskiya:
Ni dai ban ga abin tada hankali ba wallahi, mai kaza a aljihu ne baya jimirin as. Kuma kulle ɗin nan da kamfanoni suke yi wa waya yana da amfaninsa, da kowa zai sa abin da ya ga dama da ƴan damfara sun gama da iyayenmu.

DanKwamfuta:
Hajiya maganarki ta biyu na yarda da ita. Amma ta farkon, to turo mana lambar sirrin wayarki mu leƙa tunda babu kaza, hhh. Ƴan jaridar da aka samu manhajar leƙen asiri Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila a wayoyinsu a 2021 ba ɓarayi ba ne, wasu ko danna komai basu yi ba ta shiga. Kuma kulle ba duka dan tsaro bane, akwai kasuwa a ciki, sai da Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple a 2024 kafin ya bar wasu shagunan manhaja su shiga iPhone a ƙasashen Tarayyar.

Mai_Tambaya:
Na goge tocilar, ashe wayar ma tana da tata. Na leƙa wajen izini na ga wani gem da ban taɓa buɗewa ba yana da damar makirfo. To su waɗancan goman fa, yaya zan yi da su?