Na maƙale wajen gano tarihin tsohon dandalin wasan takalmi mai taya

Assalamu alaikum. A wani ƙaramin gari na jihar Ohayo a Amurka nake. Gidan ajiyar kayan da nake aiki a ciki, tsofaffin gari sun ce dā dandalin wasan takalmi mai taya ne. Na yarda, don in ka ɗaga kafet ɗin ofis za ka ga daɓen katako mai santsi, har da baƙaƙen zanen da tayoyi suka bari. Shekarar buɗe shi da sunan mai shi nake nema, wata biyu ke nan ina fama.

Na duba taswirorin Sanborn, na kamfanonin inshorar gobara, a shafin ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka. A taswirar, dandalin yana nan a kan titinmu, amma da launin rawaya, wato ginin katako. Namu kuwa na bulo ne, wanda taswirar ke yi wa ruwan hoda. Lambar gidan ma ba ɗaya ba ce. To ko an rushe an sake gini, ko kuwa wani dandalin ne daban, tun da wasan ya yi tashe tun shekarun 1880.

Rumbun jaridu na Chronicling America iyakarsa 1963, kuma babu jaridar garinmu a ciki. A ofishin rajistar filaye kuma suka ce sai na kawo sunan mai filin, abin da nake nema ke nan!

Don Allah, ta yaya ake bin sawun waɗanda suka mallaki fili a baya idan lambar gida ta canja kuma ba ka da suna ko ɗaya na wancan zamani?