Bayan Umra a watan Agusta: mu bi hanyar Abha ko ta Al-Ula?

Baban Khalifa, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyoyin ƙasar Saudiyya da mota, musamman mazauna can. In Allah ya yarda za mu tafi Umra a hutun makaranta na watan Agusta, ni da mai ɗakina da yaranmu uku, ƙaraminsu yana da shekara huɗu, tare da mahaifiyata wadda ta manyanta kuma tana shan maganin hawan jini. Bayan mun kammala ibada a Makka da Madina za mu samu kimanin mako guda, kuma ina so in ɗauki hayar mota in zagaya da su, domin yaran su ga cewa ƙasar ba ta tsaya ga otal da harami kawai ba.

Hanyoyi biyu nake dubawa. Ta farko ita ce daga Madina mu yi arewa zuwa Al-Ula mu ga Mada'in Salih, sannan mu dawo ta Yanbu zuwa Jidda. Ta biyu ita ce daga Makka mu hau Ɗa'ifa, mu bi kan duwatsu zuwa Baha da Abha, mu sauko ta bakin teku. A taswira na ga kamar za a iya haɗa duka biyun idan aka matsa, amma ni kaɗai zan yi tuƙin. Wacce ta fi dacewa da iyali irin nawa, kuma me ya kamata in sani game da hayar mota?

Abu Sumayya, Jidda

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Abu na farko shi ne ka cire tunanin haɗa hanyoyin biyu, domin daga Al-Ula zuwa Abha ya haura kilomita 1,200, kuma mako gudan zai ƙare ne a cikin mota, direba ɗaya yana fama da gajiya, yara suna kuka, Hajiya kuma ƙafafunta sun kumbura. Taswira tana nuna tsawon hanya ne, ba ta nuna yadda jiki yake ji a awa ta shida.

Idan aka ce a zaɓi ɗaya, watan da ka ambata shi ne ya yanke hukuncin. A Agusta zafin Madina da Al-Ula yana wuce digiri 40 da rana, kuma abubuwan da ake zuwa gani a Al-Ula duk a fili suke, babu inuwa: kaburburan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, tsohon gari, da dutsen nan mai siffar giwa. Wannan tafiya ce ta tsakanin Nuwamba da Maris. Kudu kuwa labarinta daban ne, saboda tsaunukan Sarawat. Ɗa'ifa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, Abha kuma ta haura mita 2,200, shi ya sa a lokacin da Jidda take tafasa mutanen Abha suke neman rigar sanyi da dare. Su kansu 'yan ƙasar can suke gudu da iyalansu idan bazara ta yi tsanani.

Ga yadda zan tsara maka. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa kimanin kilomita 90 ne ta hawan Hada, ku kwana a can. Daga Ɗa'ifa zuwa Baha kimanin 220, ku sake kwana. Daga Baha zuwa Abha kimanin 330 ne, amma kada adadin ya ruɗe ka, domin hanyar tana ratsa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, irin su Baljurashi da Namas da Tanuma, da shataletale da tudun rage gudu, ga lanƙwasa, saboda haka ka ba ta awa biyar ko fiye. Wannan yankin ne ma ya fi kyau a duk tafiyar, inda za ka ga gonaki hawa-hawa a jikin dutse da tsofaffin hasumiyoyin duwatsu, wani wurin kuma gajimare yana ƙarƙashinka. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya ɗan ɗanɗana abin, sai dai Jos ɗin kanta tsayinta bai fi mita 1,200 da 'yan kai ba.

Hatsarin hanyar iri biyu ne. Da yamma hazo yana sauka farat ɗaya har ka kasa ganin motar da ke gabanka, kuma Agusta lokaci ne da ake samun ruwan sama da tsawa a yankin Asir, inda Abha take, bayan azahar. Maganin wannan shi ne sammako: ku tashi bayan sallar asuba, ku isa masauki kafin la'asar. Na biyu shi ne gangara. Hanyoyin da ke saukowa daga kan tsauni zuwa Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku, waɗanda a nan ake kira akaba, suna da tsawo ƙwarai, kuma wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai iske birkin ya yi zafi ya daina kamawa kafin ya kai ƙasa. Ko da motar mai canza giya da kanta ce, ka mayar da ita giya ta ƙasa ka bar injin ya riƙe ta. Jami'an tsaron hanya sukan rufe hawan Hada idan yanayi ya ɓaci, a nan sai a bi hanyar Sail, wadda ta fi tsawo amma ta fi sauƙin hawa.

Maman Ikram, Kaduna

Baban Khalifa, ina goyon bayan Abu Sumayya a kan barin arewa, amma ban yarda cewa sai an kai Abha ba. Maza idan suna tsara tafiya kilomita suke ƙirgawa, alhali wadda take zaune a baya da yara ita ce ta san abin da ake ciki. Lanƙwasar hanyar dutse tana sa yara jiri da amai, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba ya jure fiye da awa biyu a ɗaure a kujera. Ga kuma Hajiya, wadda za ta fito daga gajiyar ɗawafi da sa'ayi, sannan a ɗora mata hawa sama da mita 2,000. Ya kamata likitanta ya san da wannan tsari tun kuna Kano, a kuma riƙe maganinta a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ke but ba.

A ganina Ɗa'ifa da Baha sun isa mako guda. A Ɗa'ifa akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas, akwai tsaunin Shafa da gonakinsa, akwai kuma motar igiya da ke saukowa daga Hada, wadda yara za su daɗe suna ba da labarinta. Furen wardin da garin ya shahara da shi a Maris da Afrilu yake fitowa, don haka ba za ku same shi ba, amma za ku samu rumman da inabi da ɓaure a bakin hanya. A Baha akwai dajin Ragadan, akwai kuma ƙauyen Zi Ain da aka gina a kan farin dutse, ko da yake shi a ƙasan tsaunin yake kuma akwai zafi, sai a je da sassafe. Daga nan ku juyo abinku, kun rage wa kanku kusan rabin tuƙin.

Ina kuma jan hankali game da birai. A Hada da sauran wuraren tsayawa gwaggon biri ya saba da mutane, yana zuwa har jikin mota, kuma yana fizge leda daga hannun yaro ba tare da tsoro ba. A rufe gilashi, kada a miƙa musu abinci. Game da masauki kuwa, iyali mai mutum shida ya fi samun sauƙi a gidajen haya masu kayan ɗaki da kicin, inda za a iya dafa wa Hajiya abin da ba gishiri da yawa. A kama da wuri, domin kafin makarantun Saudiyya su koma a wajen ƙarshen Agusta garuruwan nan cike suke kuma farashi yana sama.

Almajirin Malam, Sakkwato

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa sun yi bayanin hanya, ni kuma zan taɓa ɓangaren da ya shafi ibada, tun da tafiyar a jikin Umra take.

Mada'in Salih ita ce Hijir, wurin da aka danganta da Samudawa mutanen Annabi Salihu, alaihis salam. Ya tabbata cewa lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ratsa wurin a hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka azabtar sai dai suna masu kuka, ya hana su amfani da ruwan rijiyoyin wurin in ban da rijiyar da taguwa take sha, sannan ya gaggauta wucewa. Saboda haka malamai da dama suke ganin bai dace a je wurin don shaƙatawa ba, sai don wa'aztuwa. Masana tarihi kuma suna cewa kaburbura sama da 100 da ake gani a yau Nabaɗawa ne suka sassaƙa su, wato mutanen da suka gina Petra a Jodan, mafi yawa a ƙarni na 1 Miladiyya, kuma a 2008 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, na farko a Saudiyya. Ban kawo wannan don in yi fatawa ba. Na kawo ne domin Alhaji zai tafi da mahaifiya, kuma bai kamata ta ji wannan magana a karon farko bayan an riga an yi tuƙin kilomita sama da 300 daga Madina ba.

Abu na biyu shi ne miƙati. Idan kuka fita zuwa kudu da niyyar sake shiga Makka, ku tuna cewa mai saukowa daga Ɗa'ifa yana ɗaukar harami ne a Ƙarnul Manazil, wato Sailul Kabir, ko a Wadi Muharram idan ta Hada ya biyo, mai zuwa ta bakin teku kuma a Yalamlam. A mazhabar Malikiyya ana tsananta batun shiga Makka ba tare da harami ba, don haka ko dai ku ajiye haraminku a kusa, ko ku yi ɗawafinku na ƙarshe kafin fita, ku wuce Jidda kai tsaye a dawowa. Ƙasaru kuwa ya halatta muku a duk tsawon hanyar, matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba.

Baban Khalifa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun bar maganar Al-Ula. Mai ɗakina ta karanta amsar Maman Ikram ta ce ita ma ra'ayinta ke nan, amma ni har yanzu raina yana ga Abha, saboda ƙauyen Rijal Alma da na daɗe ina son gani. Abu Sumayya, idan mun kai Abha, dole ne mu dawo da mota? Ba ka kuma ce komai a kan hayar ba.

Abu Sumayya, Jidda

Alhaji, ba dole ba ne, kuma da ni ne ba zan dawo da iyali ta mota ba. Hanyar bakin teku ta Muhayil da Ƙunfuza da Lis zuwa Jidda ta haura kilomita 600, shimfiɗaɗɗiya ce amma zafi da gumi ne tun daga farko har ƙarshe, babu wani abin kallo mai yawa, kuma idan dare ya yi akwai fargabar raƙuma a kan titi. Akwai jirage tsakanin Abha da Jidda kowace rana, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, saboda haka za ka iya ɗaukar motar a Jidda ko Ɗa'ifa ka ajiye ta a filin jirgin Abha. Kamfanin zai caje ka kuɗin ajiyewa a wani gari, sai ka kwatanta shi da kuɗin mai da kwanan hanya da gajiyar Hajiya. Hanya mafi sauƙi ta sasanta ku da Maman Khalifa ita ce ku kama masaukin Abha da tikitin jirgi irin waɗanda ake iya sokewa ko sauyawa, ku yanke shawara a Baha bayan kun ga yadda jikin Hajiya da yaran ya karɓi tsaunin.

Rijal Alma kimanin kilomita 45 yake yamma da Abha, amma a ƙasan gangara, kuma gajeriyar hanyar da ta sauka ta wajen Suda tana da tsananin lanƙwasa, don haka ka tambayi mutanen masaukinku wace hanya ce a buɗe kuma ta fi sauƙi a ranar. Gidajen dutse ne masu hawa da yawa, a ciki kuma za ku ga zanen bango mai launuka da matan Asir suke yi, wanda ake kira Al-Ƙaɗɗ. Kada ku zarce kudu zuwa kusa da iyakar Yaman, babu abin da ya kai ku can.

Game da haya, ka zo da lasisinka na gida tare da na ƙasa da ƙasa, da katin banki mai sunanka, domin ana riƙe kuɗin jingina a kai. Ka tabbatar a rubuce ko akwai iyakar kilomita a kowace rana, saboda kamfanoni da yawa suna sa wannan sharaɗi kuma abin da ya haura ana biyansa daban. Ka ɗauki cikakkiyar inshora, ka ɗauki hoton jikin motar ta kowane gefe kafin ka bar wurin. Mutum shida da akwatunan Umra ba za su shiga ƙaramar jif ba, sai mota mai kujera bakwai ko takwas, kuma ka nemi kujerar yara tun lokacin kama motar, domin doka ta hana yaron da bai kai shekara 10 ba zama a gaba. Hannun tuƙi iri ɗaya ne da na Najeriya. Kyamarorin Sahir kuwa suna ko'ina, suna kama gudu da rashin ɗaura bel da riƙe waya, kuma tarar tana biyo ka ta hannun kamfanin hayar ko bayan ka mayar da motar. Fetur iri-iri ne, kamar 91 da 95, sai ka tambayi wanda motar take sha, ka kuma cika tanki a Ɗa'ifa da Baha kafin ka kama hanya.