Gida biyu, kujera ɗaya: musayar waƙa kan basasar Lankasta da York

Malam Na-Zaure:
Salamu alaikum, 'yan zaure. Makon nan mu ajiye waƙar damina, mu ƙetara teku. Ingila ce, daga 1455 har wajen 1487, lokacin da zuriyar Sarki Edward na Uku ta rabu gida biyu, Lankasta da York, suna yanka juna a kan gadon kakansu. Daga baya ne aka laƙaba wa rigimar Yaƙin Furanni, wai ja na Lankasta, fari na York. Ƙa'ida tana nan: amsa da waƙa, kowa da amsa-amonsa, zube kada ya yi yawa. Ga buɗi.

Bismillahi, Sarkin da ba a tuɓewa,
Shi ke naɗi, Shi ke kwance sarauta.

Edward na Uku ya bar 'ya'ya da jikoki,
Yawan magada ya zame musu cuta.

Richard na Biyu jika ne, shi ya gaje shi,
Ɗan baffansa Henry na Lankasta ya zo ya ƙwace ta.

A 1399 aka yi wannan ɓaraka,
Tun ranar kambi ya koyi hanyar fita.

Henry na Biyar ya ci Faransa da takobi,
Mutuwa ta ɗauke shi kafin ya huta.

Ya bar jinjiri ɗan wata tara kan gado,
Henry na Shida, sarki a goyon mata.

Ya girma mai ibada, mai gudun faɗa,
Fadawa suka sami ƙasa suka rarraba ta.

Normandy ta tafi, Bordeaux ta bi baya,
Taskar sarki ba ko abin yin kyauta.

Sai ciwo ya kwantar da shi fiye da shekara,
Ba um, ba um-um, hankali ya ɓata.

To ku faɗa min, 'yan zaure, ku yi adalci,
Wa ya fi cancanta, York ko Lankasta?

Sarkin Gardama:
Allah gafarta Malam, ai wannan ba ta da wuya.

Ni na zaɓi York, kuma ba son kai ba ne,
A zauna a baje lissafin zuriya.

Lankasta daga John na Gaunt suka gangaro,
Shi ko ƙane ne, Lionel shi ne yaya.

Richard na York ta uwa tsatson Lionel ne,
Ta uba na Edmund ƙanen Gaunt, jini biyu a jijiya.

Ya riƙe wa sarki Normandy, ya riƙe Ireland,
Da kuɗin aljihunsa, fada ta ƙi biya.

Somerset da ya zubar da Faransa shi ne ɗan lele,
Shi kuwa York ladansa sai ƙiyayya.

Da sarki ya kwanta, wa aka kira ya riƙe ƙasa?
York ne, Somerset yana kulle a kurkukun Landan, Hasumiya.

Sarki na warkewa aka ce York ya tafi gida,
Aka saki Somerset, ya dawo da fariya.

Tura ta kai bango, sai ga St Albans,
Aka sare Somerset a tsakiyar hanya.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Kai Sarkin Gardama, ka ƙirga jinin maza kaf, ka manta da wadda ta yi naƙuda. Margaret ta Anjou ce, matar Henry na Shida, an kawo ta daga Faransa a 1445 tana 'yar shekara 15.

Shekara takwas a ɗaki tana jiran haihuwa,
Da ɗan ya zo, uban ba ya ko ganewa.

Sai York ya shiga majalisa a 1460,
Ya dafa kujerar sarki, yana jiran tafawa.

Shiru ya biyo baya, ba mai cewa ranka ya daɗe,
Har aminansa kai a ƙasa, kunya na kamawa.

Aka yi sulhun da ya fitar da ɗanta daga gado,
Henry ya ci har ya mutu, York ke gajewa.

Ka nuna min uwar da za a yi wa wannan
Ta naɗe hannu a ɗaki ta ce ba damuwa.

Kaza ma in shaho ya sauko kan ɗanta
Takan tashi da fiffike, balle 'yar Faransawa.

Ta nufi Scotland tana neman gudunmawa,
Mazajenta suka yi dandazo a arewa.

A Wakefield, ƙarshen Disamba, York ya bar ganuwa,
Bai koma ba, a nan ya gamu da mutuwa.

Aka kafa kansa a ƙofar birnin York
Da kambin takarda, masu wucewa na dubawa.

Sarkin Gardama:
Gwaggo, a yi haƙuri, kin tsallake baiti,
Edmund ɗan York, sha bakwai a duniya,

An kashe shi yana gudu a wannan ranar,
Shi ma uwa ta haife shi, ba bishiya.

Ɗan Baka:
Ku kuna ta sarakuna, ni bari in sauka ƙasa. Towton, 29 ga Maris 1461, wata uku bayan Wakefield. Edward, babban ɗan York, ɗan shekara 18, shi ya ja runduna. Masu shelar fada sun ce gawa 28,000 aka ƙirga. Masana yau suna ganin an yi ƙari, amma ko rabi aka rage, abin ya isa.

Ni ba na York, kuma ba na Lankasta,
Ina tare da manomin da aka ja aka tura.

Ubangidansa ya ce ɗauki baka ka biyo ni,
Bai san Lionel ba, bai san wa ya fara.

Ranar Lahadi ce, mako guda kafin Ista,
Sama ta rufe tana zubo dusar ƙanƙara.

Iska na bayan York, tana marin Lankasta,
Fauconberg na York ya ce a harba, a ja baya, a saurara.

Kiban York suka yi nisa, iska ta ɗauke su,
Na Lankasta suka zube a fili kamar kara.

'Yan York suka tsince su suka mayar musu,
Kayanka ya dawo maka, har da gyara.

Aka haɗa ƙirji tun hantsi har yamma,
Norfolk na isowa da gudunmawar York, Lankasta sai neman tsira.

Suka yar da kwalkwali, suka nufi rafin Cock,
An ce kan gawar 'yan'uwa aka bi aka ƙetara.

A 1996 magina suka tono wani rami,
Ƙasusuwan maza an jibge su kamar shara.

Ƙoƙon kan mutum guda, rauni takwas,
Ba suna, ba dangi, ba wanda ya kai ƙara.

Auta:
Iyayena, a ba yaro fili. Ni Warwick ne ya ɗaure min kai.

Richard Neville na Warwick, mai naɗa sarki,
Shi ya ɗora Edward da dukiya da ƙarfin jiki.

Yana can yana ƙulla masa aure da gidan Faransa,
Ashe ango ya riga ya shige ɗaki.

Elizabeth Woodville, bazawara mai 'ya'ya biyu,
A ɓoye a 1464, ba goro ba biki.

Mijinta na fari ma Lankasta ya mutu yana bi,
Ga danginta sun cika fada, kowa da aiki.

Warwick ya ciji yatsa, ya haɗiye maganar,
Daga baya ya haye Faransa da ƙulli a ciki.

A Angers ya durƙusa gaban Margaret,
Matar da ya kora, kai, duniya da mamaki!

Ya ba ɗanta 'yarsa Anne, ya dawo da runduna,
Ya fito da Henry daga kulle, ya ce ga sarki.

Wata shida kacal, sai ga Edward ya dawo,
A Barnet hazo ya rufe, ba a gane baƙo da na ciki.

Tauraron tutar Oxford na ɓangaren Warwick aka zaci tambarin rana na Edward ne,
Nasu ya harbi nasu, cin amana a kowane baki.

Wanda ya naɗa biyu ya tuɓe biyu,
A ƙasa aka sare shi yana neman doki.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Auta, Allah ya yi albarka, harshenka ya fara kaifi. Sarkin Gardama, dawo nan, ban gama da kai ba. Tewkesbury, 4 ga Mayu 1471.

Ɗazu ka ƙirga min sha bakwai ta Edmund,
Ga wata sha bakwai ɗin, in kana ƙirgawa.

Ran da aka kashe Warwick ta sauko daga jirgi,
Mako uku tsakani, ɗanta ya bi mutuwa.

Yaron da ta yi wa yawon Scotland da Faransa,
A filin Tewkesbury ya kwanta, ba tashi ba dawowa.

Aka shigo da ita Landan cikin ayarin nasara,
A daren Henry ya cika a Hasumiya, ba jinkirtawa.

Fada ta ce baƙin ciki ne ya kashe shi,
Gari ya ji ya yi shiru, ba mai gaskatawa.

Sarkin Faransa ya fanshe ta, ta koma Anjou,
Ta rasu a 1482, ba ɗa, ba miji, ba mai tunawa.

Malam Na-Zaure:
Madalla da Gwaggo. To, Lankasta ta kwanta. Sai ku ga abin da gidan York ya yi da kansa.

Abokin gaba ya ƙare, wuƙa ta juyo gida,
Ciyawa ta ƙare, sai rufin ɗaki ya kama wuta.

George na Clarence, ƙanen sarki ciki ɗaya,
A 1478 wansa ya ce a gama da batunsa, a huta.

Ba a sare shi a fili jama'a na gani ba,
A gangar giya ne, in ji masu faɗin ta.

Afrilun 1483 Edward ya rasu yana da 40,
Ya bar amanar yara, baffa ya karɓe ta.

Ɗaya sha biyu, ɗaya tara, maza biyu,
Uwar ta gudu cocin Westminster, tana tsoron ranta.

Baffan, Richard na Gloucester, ya tare babban a hanya,
Ya kama kawunsa, ya ce kariya ce, ba mugunta.

Hastings, aminin marigayi Edward, ya zo zaman majalisa da safe,
A ranar aka sare shi, ba wanda ya tsawata.

Sai aka ce auren uwar ɓatacce ne tun asali,
Wai Edward ya yi alkawari da wata kafinta.

Yara suka rasa gado, baffa ya hau kujera,
Ranar 6 ga Yuli aka yi bikin sarauta.

Da ana ganinsu suna wasa a filin Hasumiya,
Sai ta taga, sai tagar ma aka rufe ta.

Sarkin Gardama:
Malam, da girmanka, amma a nan zan ja.

Ba wanda ya kama Richard da wuƙa a hannu,
Marubutan gidan Tudor da ya biyo bayansa suka shafa masa baƙin tukunya.

Majalisarsa ta 1484 ta sauƙaƙa beli,
Da ya mutu York ta rubuta juyayi, ba tsoro ba kunya.

Ƙasusuwan da aka tono a Hasumiya a 1674,
Ba gwajin ƙwayar halitta har yau, sai tatsuniya.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Ɗana, wanda aka ba ajiya shi ake tambaya,
Da suna raye, me ya hana shi nunawa?

Ɗan Baka:
Gwaggo ta rufe wannan ƙofa. Ni zan kai ku Bosworth, 22 ga Agusta 1485. Henry Tudor, mai neman kambi da sunan Lankasta, jininsa na sarauta siriri ne kamar zare, ta wajen uwarsa Margaret Beaufort, wadda ta haife shi tana 'yar shekara 13.

Shekara 14 yana gudun hijira a ƙetare,
Ya sauka a Wales, yana tafe ana ƙara.

Stanley mijin uwarsa ya zo da runduna,
Ba ya nan, ba ya can, yana gefe yana lura.

Richard ya hango Henry da 'yan tsirarun mutane,
Ya sa wa doki ƙaimi, shi da kansa ya zabura.

Ya sare mai riƙe da tutar Henry, saura ƙiris,
Sai mutanen William ƙanen Stanley suka rufe shi, ba tsira.

Aka tuɓe gawar, aka rataya a doki har Leicester,
Ramin bai kai tsawonsa ba, haka aka tura.

A 2012 aka same shi ƙarƙashin wurin ajiye motoci,
Ƙashin baya a karkace, ba akwati ba sutura.

Mutumin Towton takwas aka ƙirga a kansa,
Da aka juya ƙoƙon kan mai kambi, an sami tara.

Sarkin Gardama, kai ne mai lissafin jini,
Ga takwas, ga tara, zo ka zauna ka tara.

Sarkin Gardama:
Ɗan Baka, ka harbe ni da kibiyata. Na dai ji daɗi an sake binne shi a babban cocin Leicester a 2015, wannan karon rami ya kai tsawonsa.

Auta:
Ku dakata, akwai sauran ƙanzo a tukunya.

Henry Tudor, na Bakwai, ya fi su duka iya alƙalami,
Ya ce tun jajibirin Bosworth shi ne sarki.

Duk wanda ya yaƙe shi ya zama ɗan tawaye,
Da kwana ɗaya a takarda, ba mashi ba doki.

Ya auri Elizabeth 'yar Edward, yayar yaran nan,
Jan fure da fari suka kwana a ɗaki.

Sai ga Lambert Simnel a 1487,
A Dublin aka sa masa kambi, aka sha biki.

Wai shi ne ɗan Clarence, magajin gidan York,
Alhali na gasken yana Hasumiya a ciki.

A Stoke aka watsa masu hura masa kai,
Aka kawo yaro ɗan goma gaban sarki.

Henry ya dube shi, ya ga ba abin kashewa,
Ya ce a kai shi madafa a ba shi aiki.

Wanda aka yi wa mubaya'a yana juya gashi,
Hayaƙi a ido, maiƙo a jiki.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Auta, yi dariyarka, amma leƙa Hasumiya,
Ɗan Clarence na gasken yana can, ba mai buɗewa.

Shekara 14 a kulle tun yana ɗan goma,
A 1499 aka fito da shi wurin sarewa.

Na madafa kuwa har ƙarin girma ya samu,
Shahon farautar sarki aka ba shi yana kiwatawa.